Gugan Sarkin Zamburu

A shekara ta tara da hawan Sarki Dambo, ana tsakiyar bazara, Barmo Sarkin Zamburu ya kewaye Birnin Sakau da yaƙi. Bai nemi hawa ganuwa ba. Ya kafa sansani a bakin gulbi, ya raba mutanen birni da ruwan waje, ya zauna yana jiran rana ta yi masa aiki.

Rijiyoyi bakwai ne a cikin ganuwa. Shida zartsi ne, ko jaki ya sha sai ya girgiza kai. Ta bakwai ita ce Babbar Rijiya, a bayan kasuwa, wadda aka sara cikin dutse. Ita gari ke sha, kuma tana hannun Tunau Sarkin Rijiya.

Tunau dogo ne, ramamme, maganarsa ba yawa. A fada shi ne na ƙarshe, mazauninsa dab da inda ake tuɓe takalma. Fadawa kan kira shi Sarkin Kifi saboda tarwaɗar da ke cikin rijiyar. Tun zamanin kakansa ake ajiye ta, in wata ta mutu a saka wata, kuma kowacce sunanta Goggo. Kowace safiya zai ɗage murfin azara, ya marmasa fura ya jefa, ya tari hasken rana da tasar tagulla ya haska ciki. In ya ga ta taso tana kaɗa gashin baki, sai ya juya ga matan da suka jeru da tuluna ya ce, "Goggo ta kwana lafiya." Sannan a fara ja. In ba ta taso ba, ba mai sha, ko da Sarki ne.

Ba a zuwa da gugan gida. Rijiya na da nata guda ɗaya, baƙi, duk faci, igiyarsa a kan gwafa take kwana don kada ta taɓa ƙasa. Dabba ba ta wuce tsamiyar da ke taku arba'in daga bakin rijiya, a can kwaminta yake. Mutane na gunaguni, amma suna bi.

A rana ta ashirin da uku da kewaye garin, da hantsi, aka hango mutum guda bisa raƙumi ya nufo Ƙofar Gabas, da farin ƙyalle a bakin mashi. Aka buɗe masa, aka tara majalisa.

Manzon sunansa Cindo, mai faɗin fuska, murmushi ba ya barin bakinsa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ɗago.

"Allah ya ja zamanin Zaki. Ubangijina Barmo, Sarkin Zamburu, yana gaida ɗan'uwansa Sarkin Sakau, gaisuwar babba ga babba. Ya ce ya dubi ganuwarka ya ga ba ta hawuwa, ya dubi sama ya ga damina ta ƙarato, gonakin Zamburu kuwa fartanya suke jira. Ya ce a bar abin haka nan. Ga shaida."

Ya kwance wani ƙunshi. Guga ne na jar fata, jima mai kyau, an zagaye bakinsa da ado kore, ga igiyar rama sabuwa fil. Fada ta ɗauki "ma sha Allah".

Cindo ya ci gaba. "Ya ce tunda da ruwa ya cuce ku, da ruwa zai nemi gafara. A zura wannan a Babbar Rijiya kafin sallar la'asar, a buga tambari ya ji daga sansani. Ni kuma in zauna a hannunku kwana uku, jingina. Rana ta uku ko tokar murhunsa ba za ku tarar ba. In la'asar ta wuce bai ji tambari ba, ya san an mayar masa da hannu."

Galadima Jatau, mutum mai jiki, wanda ya gaji da kwana da sulke, ya riga kowa magana. "Ranka ya daɗe, hatsin rumbu ya kusa ƙasa. Abin da muka kasa samu da mashi ga shi an kawo mana da fata. A zura shi yanzu. Ni zan riƙe igiya."

Sarki ya miƙa ido can ƙarshen fada. "Sarkin Rijiya, kayan aikinka ne. Me ka gani?"

Aka miƙa wa Tunau gugan. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya. Busasshen guga ba ya yin wannan nauyi. Fata biyu ce aka haɗa aka ɗinke. Da zai shigo kuma ya ga raƙumin manzo a ƙofar fada, da salka biyu cike taf, an ɗaure bakinsu da kyau. Baƙon da zai kwana uku a garin da ke da ruwan daɗi, me zai yi da nasa? Amma nauyin fata ba shaida ba ne, salka ma haka. Abin da yake da shi a hannu shi ne abin da ya tarar.

"Ranka ya daɗe, guga ne mai kyau. Amma ba ya shiga yau."

Tunau ya ci gaba.

"Sabon guga kwana yake a kwami tare da 'yan tarwaɗa. In gari ya waye suna iyo, ya shiga rijiya. Haka na tarar."

Galadima ya buɗe hannuwa. "Zaki ya ji? Sarakuna biyu na ƙulla amana, Sarkin Kifi ya ce a dakata a ji ta bakin tarwaɗa." Aka yi dariya. "Wai wa ya kafa wannan doka?"

"Kakana, ranka ya daɗe. Shekarar da wani majemi ya kawo guga jima ba ta kama shi ba. Unguwa uku suka yi kwana huɗu suna safarar bayan gida." Tunau ya dubi Galadima. "An ce gidan Galadiman lokacin ya fi kowa safara."

Dariyar ta juya. Sarki ya ja amawali ya rufe baki.

"Akwai kuma wata," in ji Tunau. "Mai ba da guga shi ke fara sha a cikinsa."

Idanu suka koma kan Cindo. Murmushinsa na nan, sai dai ya ɗan bushe. "Da na so ƙwarai, Sarkin Rijiya. Sai dai ina azumi."

"Yau Talata ce."

"Ramuwa nake yi."

Sarki ya daɗe yana duban manzon, sannan ya gyara zama. "Mun ji Galadima, mun ji Sarkin Rijiya. Ba za mu mayar da hannun Barmo ba, ba kuma za mu taka abin da muka tarar ba. Kwana dai ba zai samu ba. Guga ya shiga kwami yanzu, ya fito da kiran la'asar. In kifi na da rai, Galadima ya zura shi da hannunsa, kai kuma Tunau ka ajiye rawani, don ka sa mun kunyata baƙo a banza. Ka yarda?"

"Na yarda, Zaki."

Ya faɗa ne kawai. Yini rabi ba kwana ba ne, ya sani. In abin da ke cikin fatar nan mai jinkiri ne, rawaninsa zai tafi, kuma rawanin shi ne ƙaramin abin da zai tafi.

A gindin tsamiya ya wanke kwami da hannunsa, ya cika shi da tsohon guga. Ya ɗauko 'yan tarwaɗa huɗu daga randar gidansa, inda yake renon magadan Goggo, ya sake su. Ya nutsar da sabon gugan, ya danne da dutse. Gari kaf ya taru, don tun da aka rufe ƙofofi ba a sami abin kallo ba. Aka shimfiɗa wa Sarki darduma. Galadima ya zauna kusa da kwami, igiyar rama a cinyarsa, yana cin goro.

Magajiya Tabawa, shugabar matan gari, ta kifa turmi ta zauna a kai. Taubashiyar Tunau ce, tun suna yara ba ta raga masa.

"Tunau, in an tuɓe ka ka zo gidana. Ina neman mai surfe."

"Surfen naki ai kaji ma sun ƙi shi."

"Ka gani? Ya fara maganar marasa sarauta."

Azahar ta yi, aka yi salla aka dawo. Kifayen nan sai iyo suke, suna shiga cikin gugan suna fita kamar an gina musu ɗaki. Lokaci lokaci Galadima zai leƙa ya ce, "Sarkin Kifi, majalisar taka ta yanke shawara kuwa?" Mutane su bushe da dariya. Cindo na gefe, yana jan carbi da sauri.

Tunau bai ɗago ba. Ya ga wani yauƙi ya fara tasowa a saman ruwan. Ya sa kara ya shafi ɗinkin gugan, ya duba. Ƙaro ne aka shafe ɗinkin da shi, yana narkewa a hankali. Ya gane dabarar. Jan farko ruwa zai fito garau, na goma ma haka, sai an saki jiki sannan ɗinki ya buɗe. To amma dukawa ma kan shafa ƙaro, ba wanda za a kama da wannan. Ya dubi inuwar tsamiya. Ta miƙe, ta kai tsawon la'asar.

Ladan ya tashi ya ɗauki buta. Ya yi alwala tsaf, ya miƙe zai nufi masallaci. Galadima ya kakkaɓe riga, ya fara warware igiya.

Magajiya ta dubi fuskar taubashinta. Ba ta taɓa ganin ta haka ba. Ta ɗaga murya. "Ladan, Allah ya gafarta malam, ni kam kamar na ga diddigen hagu bai jiƙe ba."

Ladan ya duba ƙafarsa. Mutum ne mai yawan kokwanto. Ya koma ya tsuguna, ya faro daga hannu.

Yana shafar kai ƙaramar cikin kifayen ta tsaya cik. Ta karkata, ta juya farin cikinta sama. Ta biyu ta bi ta. Kafin ladan ya kai diddigen da ake magana, duk huɗun suna yawo a saman ruwa kamar ganye.

Ba wanda ya yi dariya. Galadima ya dubi igiyar da ke hannunsa, ya ajiye ta a hankali, ya goge tafinsa da riga.

Tunau ya sa kara biyu ya tsamo gugan, ya farke shi da wuƙa. Tsakanin fatun an danƙara wani baƙin abu mai kauri kamar ɗanyen tuwo. Madawaki Bagudu, shugaban mayaƙa, ya sunkuya ya shinshina daga nesa. "Kwankwani da tinya, dafin kibiya. Da wani abu da ban sani ba. Wannan ya ishe ni yaƙi uku, ranka ya daɗe."

Ya zare takobi ya nufi Cindo. Sarki ya ɗaga hannu.

Ba a tambayi manzon sau biyu ba. "Zaki, ni ɗan aike ne. Cewa aka yi in an ji tambari a jira. In na ga gari ya kwanta, in ɗaga farin ƙyalle a kan Ƙofar Gabas, su shigo."

"Azumin fa?" in ji Magajiya.

"Na karya, ranki ya daɗe."

Sarki ya juya ga jama'a. "Ladan, kira salla. Sarkin Tambari, ɗan'uwanmu Barmo na jiran saƙo, kada a bar shi cikin zulumi. A buga, a buga da kyau."

"Kukan kuma a bar mana," in ji Magajiya.

Tunau bai tsaya jin sauran shawara ba. Ya sa aka haƙa rami can gindin ganuwa, nesa da kowace rijiya, aka juye ruwan kwamin a ciki tare da gugan da igiyarsa, aka rufe da ƙasa aka ɗora duwatsu. Kwamin kuwa ya sa masa wuta. Ya wanke hannu da toka har sau uku. Kifayen huɗu ya binne su dabam, shi kaɗai. Wata biyar ya yi yana renon su.

Washegari aka fara kuka a Unguwar Marina. Kafin azahar ya kama gari. Magajiya ta raba matan unguwa unguwa, waɗannan su yi su huta, waɗancan su karɓa, abin har ya zama gasa. Wata tsohuwa ta yi wa mijinta kukan mutuwa yana zaune a gabanta yana shan fura, ta jero halayensa na kirki, shi kuma yana gyara mata inda ta rage. Maza suka naɗe taɓare a cikin tabarma kamar gawa suna wucewa da su ta inda za a hango daga sansani. Aka hana hayaƙi tashi sai gida ɗaya cikin biyar. Aka janye masu gadi daga kan ganuwa ɗaya bayan ɗaya. Duk safiya kuwa Tunau na ɗage azara ya haska tasa, ya juya ya faɗa ƙasa ƙasa, "Goggo ta kwana lafiya," mata su ja ruwa suna share hawayen dariya.

Galadima ya je gaban Sarki ya faɗi. "Zaki, da hannuna na so in kashe garin nan. A bar ni in zama gawa ta farko a bakin ƙofa." Aka yarda. Sai da aka haɗa zana biyu kafin ya rufu.

Rana ta uku da hantsi, Cindo ya hau kan Ƙofar Gabas, da tsinin mashi a bayansa, ya kaɗa farin ƙyalle. Aka bar ƙyaure a buɗe rabi.

Barmo da kansa ya shigo gaba, garkuwa a rataye, jarumansa na biye. Hagu da dama gawarwaki ne a jere ƙarƙashin zana, ƙafafu a waje. Shirin Madawaki shi ne a bari su kai kasuwa sannan a busa ƙaho. Amma ƙaiƙayin zana ya shiga hancin Galadima. Ya danne, ya danne, abin ya fi ƙarfinsa. Gawa mafi girma a Sakau ta yi atishawa har zana ta ɗaga.

Dokin Barmo ya zabura. Madawaki ya ga ba sauran jira, ya busa ƙahon. Matattu suka miƙe da masu. Maharba suka taso daga kan soraye, aka turo ƙyaure aka datse bayan baƙi.

Yaƙin bai daɗe ba. Mutanen Zamburu sun kusa wata suna shan gulbin da bazara ta mayar kududdufi. A ciki raƙumansu ke tsayawa, a ciki suke wanka, a bakinsa suke tsugunno. Rabinsu da hannu ɗaya suke yaƙi, ɗayan yana dafe da ciki. Na waje da suka ji matattu na kabbara, ba su tsaya kwashe tukwane ba.

Tunau bai jefa mashi ko ɗaya ba. Yana zaune a kan murfin rijiya da sanda. Duk wanda ya nufo da jini a hannu, nasu ko na Zamburu, sai ya nuna masa gangare. Madawaki ma da ya zo yana haki, takobi na ɗiga, sai da ya koma bayan tsamiya ya wanke tukuna.

Da rana ta take aka kawo Barmo a ɗaure gaban Sarki, nan gindin tsamiya. Ba rawani a kansa, leɓɓansa sun tsage. Bai roƙi rai ba. Ya dubi rijiyar ya ce, "A ba ni ruwa."

Sarki ya dubi Tunau. Tunau ya sauke tsohon guga daga gwafa, ya zura, ya jawo, ya zuba a ƙwarya. Aka kwance hannun Barmo aka miƙa masa. Ya riƙe, yana kallon ruwan. Maƙogwaronsa na motsi, amma bai kai baki ba.

Tunau ya karɓi ƙwaryar, ya sha rabi, ya mayar masa. "A nan mai bayarwa ke fara sha."

Barmo ya shanye, ya miƙo a ƙara. Sai da ya sha uku.

Sarki ya ce, "Sarkin Rijiya, kai aka yi wa ɓarna a kayan aiki. Faɗi abin da Zamburu za ta biya ka. Dawaki ne ko riguna?"

"'Yan tarwaɗa huɗu, Zaki. Masu rai. Daga gulbin da ya zauna."

Barmo ya sunkuyar da kai. "Babu kifi mai rai a gulbin nan yanzu."

"To sai a yashe shi," in ji Tunau. "Kafin ruwan fari ya kwaso ƙazantar ya kai wa na gangare."

Sarki ya ja amawali. "Ka ji, Barmo. Kai da mutanenka kuna hannun Sarkin Rijiya har ranar da tarwaɗa ta kwana lafiya a gulbin. Ranar ku koma ga fartanyarku."

Aka kawo kwando da fartanya aka ajiye gaban Sarkin Zamburu. Galadima, da guntun zana har yanzu a gemunsa, ya matso ya ɗan rusuna.

"Sarkin Rijiya, ta ina za a fara?"

Tunau ya rataye igiya a kan gwafa, ya mayar da azara, ya duba ko ta zauna daidai.

"A fara fitar da raƙuman," ya ce.